Rabon Zara

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya saukar da cuta ya kuma saukar da magani. Na daɗe ina juya wannan labari a raina kafin na yarda in rubuta shi, domin duk mutanen da ke cikinsa mutanen kirki ne, ba na son a ga kamar tonon silili nake yi musu. Amma in gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wanda Allah ya haɗa shi da jinyar wanda yaƙi ya koro, ya daure ya karanta har ƙarshe.

Sunana Rabi, 'yar Funtua ce ni. A farkon shekarun tamanin na biyo maigidana zuwa Greensboro, wani gari a ƙasar Turawa, inda yake karatun aikin gona a jami'a. Muna haya a unguwar Glenwood, wani ɗan tsohon gidan katako mai ɗaki biyu, wanda in kana tafiya daɓensa yana amsa maka. Ba mu da yara tukuna. Aikina girki, da ɗan ɗinki da nake yi wa matan ɗalibai, da leƙen taga ina kallon 'yan makaranta a kan kekuna.

A lokacin ne yaƙin Chadi ya tarwatsa Injamena. A rediyo muke jin yadda mutane ke tsallaka kogi a kwalekwale zuwa Kusuri, ta ɓangaren Kamaru. Mu Hausawan Greensboro ba mu da yawa, falo ɗaya yana ɗauke mu. Dattijonmu Alhaji Sani, mutumin Kano, malami a jami'a, shi ya tara mu bayan sallar Juma'a ya ce a yi abin da za a iya. Muka yi karo-karo, mutanen wani coci kuma suka ji labari suka kawo mana buhunan tufafi. Allah ya saka musu, da zuciya ɗaya suka bayar. Sai dai da muka zazzage, sai ga kwat-kwat na sanyi, da hulunan ulu, da takalman shiga ƙanƙara. Kusurin da rana ke gasa mutum tun hantsi! Muka yini muna tsintar abin da za a iya sawa muna dariya, sauran muka raba wa sababbin ɗalibai da suka zo da rigunan shadda suna karkarwa.

Ana cikin haka wata tsohuwar Baturiya, Madam Halen, ta yi ta cigiya a jami'a ko akwai mace mai jin Hausa. Ta taɓa koyarwa a Chadi, kuma da yaƙi ya ɓarke sai ta yi ta fafutuka har ta samo matar da ta yi mata girki shekara da shekaru, ta fito da ita daga sansanin Kusuri ta kawo ta gidanta. Damuwarta ita ce tun da matar ta iso ta daina magana.

Gidan yana Pleasant Garden, can kudu da gari. Filaye ne manya-manya, ciyawa kamar an share, amma ka yi ta dubawa ba za ka ga mutum yana tafiya da ƙafa ba. Na tarar da Inna Kaltume a zaune a ƙasa, ta bar gado mai laushi ta shimfiɗa zane kusa da hita mai ɗumama ɗaki. Doguwa ce, baƙa, da zanen goshi. Na durƙusa na ce, "Salamu alaikum, Inna, ina wuni?" Sai ta kama wuyan hannuna ta riƙe, hawaye suna zuba, ta ce, "Sake faɗi, 'yata."

Ranar ta yi magana har muryarta ta dushe. Iyayenta Hausawa ne da fatauci ya kai Injamena, can aka haife ta. Harsashi ya sami mijinta a hanyar kasuwa. Ita da 'yarta ɗaya tilo, Zara, suka tsallaka kogi da kayan jikinsu. Da takardar izinin tahowa nan ta fito, tata kaɗai ta fito, aka ce Zara babba ce, sai an sake nema mata daga baya. Inna ta ce ba inda za ta je, Zara ta ce in ba ta tafi ba wa zai jawo ta? Haka ta baro ta a hannun wata maƙwabciyarsu, kuma ta baro ta tana tari.

Na tambaye ta zaman sansani. Ta ce, "Kada in yi butulci, 'yata. Da ba don masu agajin nan ba da tuni mun zama ƙasa. Sun ba mu tanti, sun ba mu bargo, sun ba mu wani jan garin masara da ba mu san shi ba. Amma layi! Layin gari, layin ruwa, layin lokotoro. Ki tsaya tun asuba, ki zo bakin ƙofa a ce magani ya ƙare, sai kamyo, babbar motar kaya, ya zo. Wadda ta samu ƙwaya sai ta sa wuƙa ta raba, ta ba ta kusa da ita. A can ba a cinye rabo a tashi." Na ji wannan magana na gyaɗa kai, na ɗauka labarin abin da ya wuce take ba ni.

Da hunturu ya shigo ita ma ta fara tari. Makon farko muka ce sanyin ƙasar ne, wa bai yi ba? Mako na biyu shawarwari suka fara sauka. Wannan ta ce zuma da citta, waccan ta ce tafarnuwa a madara, matar Alhaji Sani ta aiko da romon kaza mai barkono da zai iya ta da matacce. Wani ɗalibi ɗan Nijar ya rantse babu abin da ya kai nonon raƙumi. Na ce to, Malam, kawo raƙumar, ni zan tatsa. Alhaji ya yi mata rubutu, ta sha da bismillah. Tarin bai tafi ba, sai ma zazzaɓi da ke zuwa da yamma, da gumi da ke jiƙa mata zane, ga rama kullum tana ƙaruwa.

Wajen mako na biyar na je gaishe ta, na ga tana tura wani ƙyalle ƙarƙashin cinyarta. Na ce, "Inna, mu gani." Ta ce ba komai. Ni kuwa Allah bai yi ni da haƙurin ba komai ba, na janyo ƙyallen na ga jini. Washegari Madam Halen ta ɗauke mu a mota sai asibitin gwamnati da ke cikin gari.

Inna ta ga kujeru a jere, kowa da 'yar lambarsa a hannu, ta ce, "Nan ma layi?" Na ce nan ma. Muka zauna tun safe har azahar tare da mutanen Biyetnam da Kambodiya, su ma yaƙi ne ya koro su, kowa da yaronsa ko maƙwabcinsa mai yi masa tafinta. Asibitin ba su tanadi kowa ba don wannan aiki, in ba ka zo da bakinka ba sai dai ka yi nuni da hannu. Aka ɗauki hoton ƙirjinta, aka karɓi majina, aka ce mu dawo. Da muka dawo likita ya ce tarin fuka ne, wanda suke kira tibi, kuma mai yiwuwa tun sansani ta taho da shi yana kwance.

Magana biyu likitan ya faɗa da har yau suna kunnena. Ta farko, ya ɗaga wata jar ƙwaya ya ce wannan za ta mai da fitsari ja, kada mu tsorata, alama ce magani yana jiki. Ta biyu, ya ce watanni za a yi ana sha, ba a tsallake ko kwana ɗaya. "Rabin magani ya fi rashin magani haɗari," in ji shi, "domin cutar tana koyon maganin, sai ta daina jin sa." Na fassara wa Inna kalma bayan kalma. Ta ce, "To. Mersi, lokotoro." Haka mutanen Injamena ke gode wa likita. Sai ta tambaye ni a hankali ko irin tarin Zara ne. Na ce Allah ne masani, amma ya yi kama.

Aka kwantar da ita na ɗan lokaci, mu ma aka gwada mu duka. Da aka sallame ta sai shawara ta tsaya a kan ta dawo gidanmu, domin Madam Halen ta tsufa, tuƙi yana ba ta wahala, mu kuma bas yana bi ta bakin layinmu har cikin gari. Maigidana ya kwashe littattafansa daga ƙaramin ɗaki ba tare da ya ce uffan ba, Allah ya biya shi. Maganin kyauta ne, wannan kam na gode wa ƙasar nan. Abin da ya ci mu shi ne kuɗin ɗumama gida, don Inna ba ta jure sanyi, da kuɗin bas da tasi, da madara da nama da likita ya ce a riƙa ba ta. Ɗinkina ya tsaya. Madam Halen kan zo duk Asabar da jakar cefane ta ajiye a kicin kamar mantuwa ta yi.

Kowace safiya ina zuba ƙwayoyin a ɗan faranti, in kai mata da ruwa, in gaishe ta in fito. Nas ɗin da asibiti ke turowa duba ta, wata baƙar fata mai fara'a, ta taɓa tambayata ko ina tsayawa in ga ta haɗiye. Har raina ya ɗan sosu. Ina ni ina tsayawa a kan babbar mace ina leƙa bakinta kamar akuya? Ba a haka aka rene mu ba. Na ce wa nas kada ta damu, Inna ba yarinya ba ce.

Da farko sauƙi ya samu sosai. Zazzaɓi ya sauka, ta fara cin tuwon garin masara da nake tuƙawa, har tana yi mini gyara. Ta ce miyata ta Katsinawa ce, ruwa ya fi kuɓewa yawa. Ta karɓe kicin ɗin, ta koya mini wata miyar busasshen kifi irin ta bakin kogi. Da rana takan zauna a baranda tana yi wa 'yan keke sannu da Hausa, wasu har sun koyi cewa yawwa. Sai dai sauƙin ya zo ya tsaya wuri ɗaya, bai ci gaba ba. Likita ya ce a ƙara haƙuri, jikin tsofaffi ba ya gaggawa.

Da aka yi hutun ƙarshen shekarar karatu, wani ɗalibi mai suna Bukar, mutumin Maiduguri, ya tashi zuwa gida. Yaro ne mai ladabi, yana yawan zuwa gidanmu cin tuwo. Ya yi wa Inna alkawari zai bi ta Gamboru ya tsallaka Kusuri ya ga Zara da idonsa. Inna ta ba shi wani ɗan ƙunshi, ta ɗinke shi da zare ta ko'ina. Ba wanda ya tambaye ta abin da ke ciki. Saƙo amana ne, ba a buɗewa, kuma kowa a cikinmu ya cika wa Bukar jaka da nasa.

Ya dawo gab da komawa makaranta. Bai zo gidanmu nan da nan ba, sai bayan kwanaki, shi da Alhaji Sani. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, ya ce ya je, ya kai saƙo, Zara tana gaishe ta, jiki da sauƙi sosai. Inna ta ɗaga hannu sama ta yi ta godiya ga Allah. Ta tambaye shi ko Zara ta yi ƙiba, ya ce ta ɗan yi. Ta ce tarin fa? Ya ce ya lafa. Ban taɓa ganin Inna cikin farin ciki irin na ranar ba, har rawa ta taka a tsakar falo. Bukar ko tuwo bai tsaya ci ba, ya ce yana da rajista.

Daga wannan mako jikinta ya fara komawa baya. Abin ya ɗaure mini kai, mutum yana cikin murna yana ramewa. Zazzaɓin yamma ya dawo, tari ya dawo da ƙarfinsa. Na ce wa nas ko maganin ya lalace ne, ta duba kwalabe ta ce ga shi yana raguwa daidai. Masu shawara suka dawo, har da mai cewa a duba ko sammu ne ya biyo ta. Kafin ganyen itatuwa su gama zuba, Inna ba ta iya zuwa banɗaki da ƙafarta, sai na kai mata fo.

Ta yi kukan wannan fo fiye da kukan ciwon. Ta ce, "'Yar mutane, na zama miki kaya." Na ce, "Inna, in uwata ce fa?" Rana ta farko na zubar ban kula ba. Rana ta biyu ina tsaye a banɗaki sai maganar likita ta faɗo mini. Na sake dubawa da kyau, babu ja ko kaɗan a fitsarin, ga shi kuwa da hannuna na kai mata jar ƙwayar da safe.

Na koma ɗakin na zauna a bakin katifa. Na ce, "Inna, don girman Allah, ina maganin?" Ta dube ni, ta ga ba wasa a fuskata, sai ta yi murmushi kamar yarinyar da aka kama da alewa. Ta sa hannu cikin matashinta ta zaro wani gwangwanin madara. A cike yake da ƙwayoyi, ja da fari.

Ta ce, "Rabon Zara ne. Da can rabi nake sha, in ajiye mata rabi, shi na ba Bukar. Kin ji da kunnenki ya yi mata aiki, har ta yi ƙiba. To rabi ma ya yi haka, ina ga duka? An ce akwai mai tafiya gida hutun Kirsimeti. Ni na tsufa, 'yata, kuma ga lopital, asibiti guda, a kusa da ni. Ita wa gare ta?"

Na yi faɗa, na yi kuka, na yi magiya. Na tuna mata maganar likita, ta ce lokotoro bai taɓa tsayawa layin Kusuri ba. Na ce za mu saya wa Zara nata daban. Na je kantin magani, suka ce sai da takardar likita. Na je wurin likita, ya riƙe kai da hannu biyu da ya ji labari, ya ce ba zai iya rubuta wa wadda bai gani ba magani, kuma Inna asibiti za ta koma yau ɗin nan. Da na faɗa mata sai ta ce, "To kin gani." A asibitin ma ba ta daina ba. Nas tana tsaye za ta sa ƙwaya a baki ta kurɓi ruwa, ana fita ta fito da ita daga ƙarƙashin harshe ta ƙulle a bakin zane.

Da yamma na dawo gida a gajiye, na zayyana wa maigidana komai. Na ce ni dai ban san yadda za a yi da uwar da ta ƙudurta ba wa 'yarta ranta ba. Yana riƙe da cokali, sai na ga ya ajiye. Can ya ce, "Rabi, Zara ta rasu. Tun kafin Bukar ya isa."

Ashe Bukar maƙwabciyar ya tarar, ita ta nuna masa kabarin. Da ya dawo ya kasa tunkarar Inna, ya tafi wurin Alhaji. Mazan suka zauna suka yanke abin da ake yankewa a gida: ba a faɗa wa majiyyaci mutuwa, sai ya miƙe. Suka ɓoye mana mu mata, wai bakinmu ba ya riƙe magana. Suka koya wa yaron abin da zai ce, har da ƙibar.

Ban jira gari ya waye sau biyu ba, na tafi gidan Alhaji Sani. Mutum ne da ban taɓa haɗa ido da shi ba, amma ranar na manta da kunya. Na ce, "Alhaji, ta daina shan magani saboda an ce mata Zara tana warkewa da shi. Watanni tana tara wa matacciya." Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Innalillahi. Rabi, wallahi tausayi ne. Mahaifiyata tana kwance aka faɗa mata rasuwar yayana, ba ta ƙara mako ba. Na ce ba zan sake ganin irin wannan ba." Sai ga hawaye a gemunsa. Duk faɗan da na ƙullo ya kwance, domin na san da ni aka tambaya a wancan lokaci, abin da zan ce a yi ke nan. Mun yi gudun gara mun faɗa gidan zago.

Alhaji ya ce shi ya ƙulla, shi zai kwance. Washegari bayan azahar muka tafi, shi da Bukar da Madam Halen da ni. Ɗakin keɓewa aka sa ta, sai an ɗaura wa mutum ƙyalle a hanci da baki kafin ya shiga. Inna ta gan mu jere, ido kawai take gani, ta ce, "Yau manyan baƙi gare ni." Alhaji ya zauna ya fara da abin da ake farawa, cewa rai da mutuwa na Allah ne, kuma ba ya ɗora wa bawa abin da ba zai iya ba. Sai ya tsaya, ya sa hannu ya sauke ƙyallen daga fuskarsa. Nas ta ƙwanƙwasa gilashi daga waje, bai ko waiwaya ba. Ya ce, "Kaltume, ba zan faɗa miki wannan da rufaffiyar fuska ba. Allah ya karɓi Zara. Mun sani tun dawowar yaron nan, muka ɓoye miki. Ni na sa, ki yafe mana."

Ba ta yi ihu ba. Ta yi salati, ta rufe ido. Sannan ta ce, "Yaushe?" Bukar ya ce farkon damina. Ta ce wa ya yi mata wanka? Ya ce maƙwabciyar da wasu mata biyu. An samu likkafani? Ya ce masu agaji sun bayar da farin yadi, an yi mata sallah, mutane da yawa. Ta ce, "Ranar da na yi rawa, ashe tana ƙasa." Bukar ya kifa kansa a ƙarfen gado yana kuka kamar ƙaramin yaro. Ita ce ma ta dafa kansa ta ce ya isa, an aike shi ne. Madam Halen ba ta jin Hausa, amma ba ta nemi fassara ba, ta riƙe ƙafafun Inna tana murzawa.

Ta yi kwana uku tana karɓar gaisuwa a gadon asibiti, matanmu suna shiga bibbiyu da ƙyalle a fuska. Tun daga ranar kuma ta fara shan magani. Takan haɗiye ta buɗe baki ta nuna wa nas ba tare da an tambaye ta ba. Na yi murna, na ce an tsallake. Likita bai yi murna ba. Gwaji ya nuna abin da ya faɗa tun farko ya faru, cutar ta daina jin ƙwayoyin nan. Aka canza mata wasu, aka haɗa da allura kullum, har wurin ya ƙanƙare, kunnenta ya fara toshewa, abinci ba ya zama. Kullum ina bas, Glenwood zuwa cikin gari, in sake wani zuwa asibiti, da kwanon kunu a cinya. Mutanenmu suka yi abin a yaba, wannan ya biya mana wuta, wancan ya kawo shinkafa, Alhaji kuwa bai yi fashin zuwa ba ko da ranar da ƙanƙara ta rufe hanya.

Ga abin da nake so mai karatu ya riƙe. Wanda ya fito daga sansani, ko ka sa shi a gidan da abinci ke zuba, hannunsa bai daina rabawa ba, kuma rabin zuciyarsa yana wurin waɗanda ya baro. Ka tambaye shi wa ya baro, ka tambayi lafiyarsu, ka nemi hanyar da za a taimake su a can tun kafin ya nemi tasa hanyar. In magani ne irin wannan, ka ajiye kunya ka tsaya ya haɗiye a gabanka. Masu agaji kuma, ina gode muku, amma da kun duba irin rabuwar da kuke yi wa uwa da 'ya a kan takarda. Game da ɓoye mutuwa, ba zan ce al'adarmu banza ce ba, na dai ga ranar da ta ci rai.

Wajen ƙarshen hunturu likita ya kira ni gefe ya ce mu shirya. Inna ta riga ta sani. Wata rana da hantsi ta ce in kira mata Bukar. Ya zo ya durƙusa, sai da ya ɗaga murya kafin ta ji gaisuwarsa. Ta ce, "Ƙunshin nan da na ba ka. Wa ya sha?"

Ya ce maƙwabciyar ya ba. A gabansa ta farke ɗinkin, da ya ga ƙwayoyi ne bai kawo komai a ransa ba, kowa yana aika magani gida. Ya ce kafin ya tashi mata sun taru, duk masu tari a layin tantinsu, ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ba kowa 'yan ƙwayoyi, har da yara, da ya rage kaɗan ta sa wuƙa ta rarraba.

Fuskar Inna ta washe. Ta ce, "Alhamdu lillahi. Mutum nawa?" Ya ce da yawa, Inna. Ta ce, "To bai tafi a banza ba." Sai ta juyo gare ni, idonta ya faɗa amma yana haske, ta ce, "Ko ba haka ba, 'yata? Ke kika ji bakin lokotoro. Sun samu sauƙi ko?"

Ni na fassara maganar likita da bakina. Na san abin da 'yan ƙwayoyi biyu-uku ke koya wa wannan cuta, na san abin da mai yiwuwa ya biyo baya a layin tantin nan. Ni ce kuma na tsaya a falon Alhaji ina ɗaga murya a kan ɓoye gaskiya. Bukar yana kallona, ita tana kallona. Na matso da bakina kusa da kunnenta don ta ji sosai, na ce, "Sun samu, Inna. Bai tafi a banza ba."

Ta ce, "Mersi," ta gyara kwanciya. Ranar Alhamis ɗin makon Allah ya karɓi abinsa, ni na yi mata wanka. Allah ya jiƙan Inna Kaltume, ya jiƙan Zara, ya haɗa su inda ba a tambayar takarda.